Mi Ka Sa Tsuntsu Tashi?

Ɗan Rima

Assalamu alaikum. Amsa-amon yau "shi" na, kowa shi riƙe.

Na ga shirwa bisa gulbin Rima,
Tana shawagi, ba gajiya, ba nishi.
Jimina ma ai fukafukai gare ta,
Ku ce min mi ya hana ta tashi.

Mai Kaji

Ɗan Rima, ka zo wurin mai wuƙa,
Mu ka fiɗa, mu munka san ƙashi.
Tsaga ƙirjin tantabara ka duba,
Tudu na tsakiya, da kaifi kamar mashi.
Nan naman ƙirji ka kamawa,
Shi ka jan fiffike ƙasa, shi ɗaga mai shi.
Jimina ƙirjinta a shafe yake,
Ba tudun nan, wannan ne babban rashi.
Amma kilomita 70 a awa takan yi,
Ƙafa ta biya wa fiffike bashi.

'Yar Dundaye

Baba Mai Kaji, Allah shi ƙara girma,
Bari ɗiyarka ta yi ban-ruwa ga dashi.
Ƙasusuwa da dama rami ne a ciki,
Da 'yan tokare, ga ƙwari, ba nauyi gare shi.
Kewayen huhu, galibi jakunkuna 9 ne,
Su tara iska, su tura numfashi.
Namu huhu shiga da fita yake yi,
Nasu hanya guda iska ka bi cikin shi.
Ko ya shaƙa, ko ko ya fitar,
Sabuwar iska na ratsawa ba fashi.
Zafin jiki digiri 40 ne ko fi,
Shi ya sa tsuntsu bai daɗewa da ƙoshi.

Kawu na Mabera

Ɗiyata, kin manta da baki:
Haƙori kaya ne, an sauke mashi.
Ƙundu ka niƙa da 'yan tsakuwa,
Gero shi shiga da tauri, shi fito da taushi.
Bai da mafitsara, bai yawo da ruwa,
Farin nan fitsari ne haɗe da kashi.
Balbela ta shaida min bisa sabuwar hula,
Gindin darbejiya, har yau ina jin haushi.

Malama ta Runjin Sambo

Yaya, Allah shi mayar da hula!
Duk kun bi ta ciki, kun bar gashi.
Ɗauki na zabo ka tsage da yatsa,
Shafa shi sama, ka ga ya koma wurin shi.
Ƙananan ƙugiyoyi ne ka sarƙewa,
Iska ta buga, ba ta huda shi.
Akwai mai a gindin wutsiya,
Shi lakato da baki, shi bi shi shafe shi.
Saman fiffike a tanƙware yake,
Iska ta karkata ƙasa, ita ka tallabe shi.

Ɗan Rima

Na gamsu. Shirwata ko iska mai zafi
Da ka tasowa daga ƙasa ita ka ɗagawa ba nishi.
Mikiya ta fi kowa wannan dabara:
A 1973 jirgi ya gamu da ita cikin tashi,
Sararin Abijan, mita 11,300,
Inda mutum ka neman taimakon numfashi.
Amma Baba, kaza ma tana da tudun ƙirji,
Mi ya sa katanga ce iyakar nata tashi?

Mai Kaji

Yaro, dubi launin naman biyu:
Na tantabara ja ne, jini ya wadace shi,
Sai ta wuni sama ba ta gaji ba.
Na kaza fari, ƙarfin zabura ne gare shi,
Fir ɗaya zuwa kan rumbu, ta ƙare,
Ga mu da dussa muna ƙara mata ƙoshi.

'Yar Dundaye

To ga tawa, Kawu, kafin Isha'i:
Jemage na tashi, da fata, ba irin wannan gashi,
Yana da haƙora, yana shayar da ɗa.
Cikin tsuntsaye ko dabbobi za ka sa shi?