Kwale-kwale ne ko jirgi ne?

Baban Amira: Assalamu alaikum. Na dawo daga Alƙahira, inda na kai mahaifiyata ganin likita, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Wani direban tasi ya kwaɗaita mana cin abincin dare a kan Kogin Nilu, na biya wa kaina da uwargida da yara uku. An tashi bayan magariba, muka yi sa'o'i biyu a kan ruwa. Auta ta yi barci da cinyar kaza a hannunta, na tsakiyar kuwa ya ƙi zama, sai cusa kai yake yi tsakanin ƙarafa yana leƙen ruwa, ina riƙe da wuyan rigarsa har abincina ya huce. Da masu rawar tanura, wato mazan da ke jujjuyawa da faffaɗan buje mai launuka, suka gama juyinsu, sai wata mai rawa ta fito cikin shigar da bakina ba zai iya kwatantawa ba, ga shi babu hanyar fita a tsakiyar kogi. Mai ƙananan yara kada ya kuskura ya hau wannan kwale-kwale.

Ɗan Argungu: Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Amma Malam, abin da ke da bene da inji da ɗakin girki, jirgi ake kiransa. Kwale-kwale shi ne wanda ake tuƙawa da filafili. Mutumin da iyakar saninsa da ruwa shi ne leƙen kogin Rima daga gadar Kwalkwalawa ta Sakkwato, bai kamata ya riƙa raɗa wa abin hawan ruwa suna ba.

Malam na Gidan Igwai: Ƙanena, ka yi gaggawa. Wanda ke da inji ma kwale-kwale muke ce masa, kuma haka muka ji gidajen rediyo suka kira wanda ya kife kusa da Wara ta jihar Kebbi a 2021, alhali inji ke jansa. Sannan ka daina yi mana gorin ruwa, domin ruwan da kuke su a cikinsa a Matan Fada ta gabanmu yake wucewa kafin ya iso muku.

Ɗan Argungu: Allah shi gafarta Malam, wucewar ruwa ta ƙofar gida ba ta koya wa mutum iyo. Tun da aka cire Kebbi daga Sakkwato a 1991, masu sanin ruwa suka tafi da saninsu.

Maman Sadiq: Ni tambayata ga Baban Amira ita ce, an ba yaran rigar kariya ko ba a ba su ba? Mun taɓa hawa irinsa a Dubai da yarana biyu, mun zauna a ƙasa inda gilashi ya rufe, ba mu ga wani abin tashin hankali ba.

Malam na Gidan Igwai: Hajiya, na Dubai ba kogi ba ne, ruwan teku ne ya kutso cikin gari, saboda haka ba ya cikin wannan magana.

Maman Sadiq: Malam, yaron da ya faɗa ruwa ba zai tsaya ɗanɗana gishiri ba.

Ɗan Argungu: Na Dubai ma jirgin katako ne na Larabawa, ba kwale-kwale ba. Ina roƙon Baban Amira ya janye kalmar, domin raini ne ga Sarkawa a haɗa sana'arsu da gidan rawa.

Baban Amira: Ban ambaci Sarkawa ba, kuma babu abin da zan janye.

Shugaban zaure: Jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita. Malam ya kawo hujja daga rediyo, kuma babu wanda ya iya ture ta, don haka an tabbatar kwale-kwale ne. Ɗan'uwanmu na Argungu ya yi ƙoƙari, sai dai kishin gida ya rinjaye shi, abin da mu Sakkwatawa ba mu saba da shi ba. Maganar Dubai an ajiye ta saboda ruwan gishiri.

Maman Sadiq: Ranka shi daɗe, har yanzu ba a gaya mini ko an ba yaran rigar kariya ba.