VG biyu suna ɗaya: ta yaya zan kwaso bayanai daga tsohon faifai?

Ɗan_Sabar:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Allon tsohuwar sabar ofis ya ƙone, amma faifanta mai 1TB lafiyarsa lau. An ɗora Ubuntu a sabuwar na'ura mai SSD 480GB, sai na jona tsohon faifan don in kwaso bayanai. Yanzu `vgs` yana nuna ubuntu-vg sau biyu, `vgchange -ay` kuma ya ƙi, yana cewa akwai VG (volume group, wato rukunin faifai a LVM, tsarin sarrafa filin faifai na Linux) fiye da ɗaya masu suna ɗaya. Yaya zan buɗe shi ba tare da na taɓa na sabuwar ba? Bayan kwashe kayan kuma, ina so in haɗa faifan da sabon rukunin don fili ya ƙaru.

Injiniya_Hadiza:
Wa alaikumus salam Malam. Manhajar ɗora Ubuntu galibi ubuntu-vg take sa wa rukunin, shi ya sa suka ci karo. Sunan ne kawai ya zo ɗaya, lambar shaidarsu ta UUID daban ce, da ita za ka raba su:

`vgs -o vg_name,vg_uuid,pv_name`

Duba layin da ke da tsohon faifan, misali /dev/sdb3. Ka tabbatar da `lsblk` tukuna, don haruffan sda da sdb kan sauya wuri in an ƙara faifai. Sannan:

`vgrename <UUID na tsohon> tsoho-vg`
`vgchange -ay tsoho-vg`
`mount -o ro /dev/tsoho-vg/ubuntu-lv /mnt`

In zuciyarka ba ta kwanta ba, fara sa `-t` a vgrename, gwaji ne kawai, ba ya rubuta komai. Ka bar `ro` ɗin nan har ka gama kwafi.

Inda ake faɗawa rami shi ne kwafo UUID na rukunin da na'urar ke tashi a kai. In ka sauya wa wannan suna, komai zai ci gaba da aiki kamar ba abin da ya faru, sai an sake kunna na'ura ta tsaya a initramfs (ƙaramin tsarin da ke fara tashi), domin grub, manhajar da ke tayar da na'ura, yana neman /dev/mapper/ubuntu--vg-ubuntu--lv ne, shi kuwa babu shi yanzu. In har hakan ta faru kafin ka kashe, mayar da sunan nan take ya fi sauƙi a kan bin fstab, `update-grub` da `update-initramfs -u`.

Baba_Root:
Hajiya ta gama magana a kan sunan. Ƙari ɗaya: wannan hanyar tana aiki ne don an ɗora tsarin biyu daban-daban. Da a ce da `dd` aka kwafi faifan, har UUID na PV ɗin (ɓangaren faifan da ke cikin rukunin) ma iri ɗaya zai zama, vgrename ba zai fitar da kai ba. A nan sai `vgimportclone --basevgname tsoho-vg /dev/sdb3`, shi ke sabunta lambobin PV da VG gaba ɗaya. Amma ba ya taɓa lambar tsarin fayil ɗin da ke ciki. In tsarin fayil ɗin XFS ne, zai ƙi hawa sai da `-o nouuid`.

Masu RHEL 9 da danginsa kuma, in faifan bai ma bayyana a `pvs` ba, ba mutuwa ya yi ba. LVM a can yana duba na'urorin da ke cikin /etc/lvm/devices/system.devices ne kawai, sai an ƙara shi da `lvmdevices --adddev`.

Ɗan_Sabar:
Allah ya saka da alheri, ya buɗe, ana kwafi da rsync. Saura maganar haɗawa. `vgmerge` zan yi?

Injiniya_Hadiza:
Zai yiwu, amma wahalar banza ce a nan. vgmerge yana buƙatar tsohon rukunin ya kasance a kashe, girman extent (gutsuren da LVM ke raba fili da shi) ya zo ɗaya (4MiB ne in ba a sauya ba), kuma kada sunan LV (yankin fili da aka yanka daga rukuni) ya maimaitu, kai kuwa ubuntu-lv gare ka a duka biyun. Tunda ba ka buƙatar tsohon tsarin, bayan ka tabbatar kwafin ya cika: `umount /mnt`, `vgchange -an tsoho-vg`, `vgremove tsoho-vg`, sai `vgextend ubuntu-vg /dev/sdb3`. vgremove yana shafe LV ɗin da ke ciki, don haka kada ka yi gaggawa.

Ni dai ba zan ba ka shawarar shimfiɗa root a kan faifan biyu ba. LV na yau da kullum jera fili kawai yake yi, ba ya ajiye kwafi. Ranar da tsohon faifan ya mutu, tsarin fayil ɗin duka ya lalace, har da rabon da ke kan SSD. Ga shi faifai ne da ya fito daga na'urar da ta ƙone, ka fara duba shi da `smartctl -a /dev/sdb`.

Kafin ma wannan, kalli VFree (filin da ya rage a rukunin) a `vgs`. A faifai mai girman naka, Ubuntu galibi 100G yake ba root ya bar sauran a zaune. `lvextend -r -l +100%FREE /dev/ubuntu-vg/ubuntu-lv` zai ba ka shi ba tare da kashe na'ura ba. `-r` ɗin ne ke faɗaɗa tsarin fayil tare. Tsohon faifan kuma ka bar shi a rukuninsa, ka yanka masa LV daban na ajiya.