Musayar Waƙa a Kan Roƙon Ƙuri'a Don Amini

Ɗan Tudun Wada:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwana. Aminina, wanda muka yi karatun allo tare, tela ne, kuma ya shiga wata gasar ɗinki wadda za a ba wanda ya fi samun ƙuri'u a intanet keken ɗinki da ɗan jari. Cikin kwana biyu na tura roƙon ƙuri'a sau bakwai ga duk wanda lambarsa ke wayata, da zaurukan WhatsApp kusan arba'in, har kawuna ya kira ni ya nuna ɓacin ransa. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na kawo shi gabanku a baiti.

Da sunan Allah nake buɗe zancena,
Shi ne Ya san abin da zuciya ke ɓoyewa.

Aminina tela ne, ya shiga gasa,
Ya ɗinka riga wadda ta cancanci yabawa.

An ce wanda jama'a suka fi zaɓa,
Shi za a bai wa keke da jarin somawa.

Na aika saƙo ga dangi da abokai,
Safe da yamma da dare ina maimaitawa.

Kawu ya kira ni ya ce, “Haba ɗana,
Ka mai da wayata ƙofar da ba ta rufewa.”

Malamai, ku nuna mini inda na kauce,
Shin taimakon amini ya zama abin hanawa?

Malam Na-Zaure:

Wa alaikumus salam, ɗana. Na riƙe amsa-amonka, kuma ayar da zan jingina da ita ita ce ta 135 a Suratun Nisa'i.

Ɗana, kawunka bai ƙi amininka ba,
Yawan bugun ƙofa ne ya kai shi ga kokawa.

Annabi ya ce a nemi izini sau uku,
In ba a amsa ba, mai sallama sai komawa.

Kai kuwa sau bakwai ka tsaya a ƙofarsa,
Har da tsakar dare, lokacin kwantawa.

Sannan ka sani cewa ƙuri'a shaida ce,
Mai jefa ta ya ce aikin nan ya fi na kowa.

Yaya mutum zai shaidi rigar da bai gani ba,
Bai san wuyanta ba, balle ya yi gwadawa?

Allah Ya ce mu tsaya da adalci a shaida,
Ko da a kan iyaye ne ko a kan 'yan'uwa.

Don haka haɗa hoton rigar da roƙonka,
Ka nemi a dube ta da kyau kafin dannawa.

Malama Ta-Gabas:

Malam, Allah Ya ƙara sani. Ina neman afuwa, domin zan sauya amsa-amo, kuma zan ɗan saɓa maka. A ganina gasa iri biyu ce. Gasar Hikayata, wadda sashen Hausa na BBC ya fara a 2016, alƙalai ne ke karanta labaran su yanke hukunci, kuma duk wanda ya je kamun ƙafa wurinsu ya yi abin kunya. Amma kyautar gwarzon ɗan ƙwallon Afirka da BBC ta riƙa bayarwa, wadda Jay-Jay Okocha ya ci a 2003 da 2004, ƙuri'ar jama'a ce, kuma ban taɓa jin an zargi ɗan Najeriya don ya ce wa maƙwabcinsa ya zaɓi na gida ba. Ita ma Suratun Nisa'i, a aya ta 85, ta yi maganar mai yin ceto kyakkyawa.

Malam, gasar alƙalai hanyarta daban ce,
A can ake auna aiki a yanke hukunci.

Gasar ƙuri'a kuwa kawuna ake ƙirgawa,
Masu shirya ta ma suna tallan kasuwanci.

Telan da ke lungu ba shi da mai yi masa shela,
In amininsa ya kame baki, ai ya yi butulci.

Ɗan masu hali yana da mabiya dubbai,
Talaka jarinsa ɗan'uwa ne da maƙwabci.

Aya ta ce mai yin ceto kyakkyawa
Yana da rabo a cikinsa, to ina ƙanƙanci?

Abin da na ƙi shi ne a ce, “Turo mini hoto
In ga ka zaɓa,” wannan ya taɓa mutunci.

Wanda aka roƙa yana da ikon yin shiru,
Kada shirunsa ya zama dalilin yanke zumunci.

Na ga 'yan ɗaki ɗaya sun daina gaisawa,
A kan ƙuri'a guda, har suka bar haɗa abinci.

Ɗan Kasuwar Waya:

Ina gaida iyayena. Ni gyaran waya nake yi a kasuwar Farm Centre ta Kano, kuma abin da zan faɗa a kan teburina na gan shi. Tun watan Disamba na 2017 Facebook ya sanar da cewa zai rage yaɗuwar rubutun da ke roƙon mutane su danna ko su raba, saboda haka yawan naci yakan binne saƙon da ake so a gani. A watan Janairu na 2019 kuma WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda domin rage yaɗuwar jita-jita, ke nan yayanmu sai da ya yi sawu takwas kafin ya cika zaure arba'in, kuma a kowane sawu yana da damar tsayawa ya yi tunani.

Wata baiwar Allah ta zo mini tana kuka,
An ƙwace mata WhatsApp, ga ta riƙe da waya.

Saƙo ya zo mata da sunan ƙawarta,
Wai ta zaɓi 'yarta a gasa, ashe ƙarya.

Aka ce ta turo lambobi shida da suka shigo,
Da ta tura, ɓarawo ya shige ta ƙofar baya.

Ya bi danginta yana roƙon kuɗi da sunanta,
Kafin a farga wasu sun yi asarar dukiya.

Don haka mai roƙo ya faɗi sunan gasar,
Da masu ita, da ranar rufewa, bisa gaskiya.

Ya haɗa da muryarsa domin a san shi ne,
Kada ya nemi lambar sirri ta kowace hanya.

Akwai kuma masu zuwa mini da layuka goma,
In buɗe musu shafuka su zaɓi mutum ɗaya.

Nakan ce musu wannan algus ne a mudu,
Sauran 'yan gasar ma suna da iyaye da 'ya'ya.

Malam Na-Zaure:

Malama, Allah Ya saka miki da alheri. Bambancin da kika kawo tsakanin gasar alƙalai da gasar jama'a ya shige ni, kuma zan amsa miki da amsa-amonki.

Malama, na karɓi gyaranki da hannu biyu,
Roƙo ga na kusa ba ya rushe adalci.

Sai dai ina nan a kan batun gani da ido,
Minti guda na duban riga ba ya cin lokaci.

In na ga ta wani ta fi tamu nesa ba kusa ba,
Zan yi wa telanmu addu'a in janye cikin aminci.

In kuwa aikin biyu ya zo kafaɗa da kafaɗa,
A nan ne kusanci yake da muhimmanci.

Ɗan kasuwa ya yi gaskiya kan layuka goma,
Manzo ya ce ba ya cikinmu, mai yi mana ha'inci.

Auta 'Yar Fagge:

Yaya, ni ma saƙonka ya iso ni ta hannun wata ƙawata, kuma ga dalilin da ya sa ban amsa ba.

Yaya, ƙanena ma yana cikin wannan gasa,
Shi ya sa na ga saƙonka na kasa amsawa.

An rubuta cewa sauran duk 'yan koyo ne,
Na karanta layin nan raina yana sosuwa.

Yaron ya yi mako biyu a kan wuyan riga,
In an ɗauke wuta, da fitilar waya yake ƙarasawa.

Ka yabi naka iyakar yadda kake so,
Amma ka tsare harshenka daga kushewa.

Ɗan Tudun Wada:

Ƙanwata, ni ne na rubuta wannan layi da hannuna, kuma ban taɓa ganin rigar ƙanenki ba lokacin da na rubuta shi. Ki yafe mini, ki kuma ba shi haƙuri a madadina. Na goge tsohon saƙon daga inda zai gogu, kuma ga wanda zan aika sau ɗaya ga waɗanda suka san ni da telan, ba ga zaure ba.

Salamu alaikum, ni ne da muryata,
Ga hoton rigar aminina domin dubawa.

Ga sunan gasar, ga sunan masu shirya ta,
Ranar Juma'a da dare ne lokacin rufewa.

Ga na sauran 'yan gasar ma, ku gan su,
Kowannensu ya yi aikin da ya isa kulawa.

In tasa ta kwanta muku, ƙuri'a ɗaya ta isa,
In ba ta kwanta ba, ba zan zo da tambayawa.

Shi kuwa kawu ba zan aika masa komai ba,
Bayan Isha'i zan je gidansa in yi durƙusawa.

Zan tafi da rigar kanta a cikin leda,
Ya taɓa ɗinkin da hannunsa, ya yi aunawa.