Sakan 43 na Mekuri: dole sai da Einstein?

Mushe Laminu: Assalamu alaikum ƴan uwa malamai. Ga maganar da nake so mu baje, ko da wasu ba za su ji daɗinta ba. Muna koya wa ƴan ajin ƙarshe na lise a nan Maraɗi cewa gocewar falakin Mekuri, wato hanyar da wannan duniya mafi kusa da Rana take bi tana kewaya ta, ita ce hujjar da ta tsayar da ka'idar Einstein ta 1915 kan jan nauyi. Ni a ganina an cika baki. Paul Gerber, malamin makaranta a Jamus, ya buga lissafi a 1898 wanda amsarsa ba ta da bambanci da ta Einstein: 6πGM a raba da c²a(1−e²) a kowane kewaye, inda G lambar jan nauyi ce ta Newton, M nauyin Rana, c saurin haske, a rabin tsawon falakin, e kuma ma'aunin miƙewarsa. Shekara 17 ke nan kafin Einstein, kuma bai lanƙwasa sarari ko lokaci ba, cewa kawai ya yi jan nauyi yana tafiya da saurin haske. In haka ta samu, mi ya sa za a ce dole sai da Einstein?

Malama Rakiya: Wa alaikumus salam, Mushe. Kafin mu kai ga Gerber a daidaita lambobi, don da yawa suna zaton 43 ita ce gocewar gaba ɗaya. Abin da ke gocewa shi ne wurin da Mekuri ta fi kusantar Rana a falakinta mai siffar ƙwai. Kowane kewaye wurin yana matsawa gaba kaɗan, kuma ana auna shi da sakan na kusurwa, wato kashi ɗaya cikin 3600 na digiri. In aka auna daga Duniya yadda magabata suka yi, ana samun kusan 5600 a ƙarni. Kusan 5025 daga ciki namu ne, ba na Mekuri ba: sandar juyawar Duniya tana layi kamar katantanwar da ta fara gajiya, tana tafiya da ma'aunin da muke awo da shi. Saura kusan 575. Jan sauran duniyoyi, da lissafin Newton zalla, ya ci kusan 532: Zuhura 278, Mushtari 154, Duniya 90, Zahalu 7, Mirrihi 2 da rabi. Abin da ya rage shi ne 43. Masanin taurari Le Verrier na Faransa ya samu 38 a 1859, Newcomb na Amurka ya gyara zuwa 43 a 1882.

Ga yadda lissafin yake fita, kowa ya duba da na'urar lissafinsa. GM/c² na Rana kilomita 1.4766 ne. a na Mekuri kilomita miliyan 57.91, e kuma 0.2056, don haka a(1−e²) ya zama miliyan 55.46. A ninka 1.4766 da 6π, a raba da wannan, a samu 5.02×10⁻⁷ radiyan. A ninka da 206265, ya zama sakan 0.1035 a kewaye guda. Shekarar Mekuri kwana 87.97 ce, kewaye 415.2 a ƙarni. Jimla 42.98. Mai mantawa da 1−e² zai faɗi a 41 da ɗan kai, wannan kuskuren ɗalibai suka fi yi.

Baba Idi: Madalla, ɗiyata. Ku yara ku tuna ba Gerber ne farkon mai neman hanyar ba. Le Verrier da kansa, wanda lissafinsa ya sa aka gano Neftun a 1846, ya fara duba ko nauyin Zuhura ne aka rage. Sai ya ga dole a ƙara mata kashi ɗaya cikin goma, kuma in aka yi haka lissafin falakin Duniya ya lalace. Daga nan ya koma ga wata duniya da ke tsakanin Mekuri da Rana. Wani likita a ƙauyen Faransa, Lescarbault, ya ce ya ga ɗigo ya ratsa fuskar Rana a Maris 1859, har aka raɗa mata suna Vulcan. A husufin 1878 Watson da Swift a Amurka suka ce sun gan ta, amma wuraren da suka nuna ba su dace da juna ba. Abu mai nauyin da zai ja Mekuri haka ba ya ɓuya a husufi. Seeliger kuma a 1906 ya ɗora laifin kan ƙurar da ke kewaye da Rana, sai dai ƙurar ba ta kai nauyin da ake bukata ba.

Mushe Laminu: Baba, Allah ya ƙara girma, ba Vulcan nake karewa ba. An binne ta tuni. Maganata kan gyara dokar jan nauyin ce.

Dokta Sani: To, Mushe, mu ɗauki gyaran doka. Mafi sauƙinsa na Asaph Hall ne a 1894: a ce ja ba ya raguwa da nisa mai lamba 2 a kai, sai 2.00000016. Ana samun 43 kuwa, har Newcomb ya sa shi cikin jadawalinsa. Ga inda ya karye. In lambar ta zama 2+δ, gocewar kowane kewaye πδ ce, ba ruwanta da nisa. Ma'ana kowace duniya za ta goce da sakan 0.1035 a kewayenta. Zuhura tana kewaye 162 da rabi a ƙarni, za ta ba da kusan 17. Duniya za ta ba da 10 da ɗoriya, Mirrihi 5 da rabi. Abin da awon rada da na kumbo ya nuna shi ne 8.6, da 3.8, da 1.35, daidai da lissafin Einstein. Tun ma kafin rada, Brown ya nuna a 1903 cewa tafiyar Wata ba ta yarda da lambar Hall ba, don Wata yana kewaye fiye da 1300 a ƙarni, da gocewar ta kai kusan 140.

Duk dokar da aka bar mata lamba guda da za a murɗa, za a iya murɗa ta har Mekuri ta ba da 43. Awon gaskiya shi ne a bar lambar yadda take, a kai dokar ga wata duniya.

Mushe Laminu: Dokta, ka taimake ni ba ka sani ba. Tunda lissafin Gerber da na Einstein ɗaya ne, Zuhura za ta ba shi 8.6, Duniya 3.8, Mirrihi 1.35, har dutsen Ikarus mai kewaya Rana kusan 10. Awon da ka kafa Gerber ya tsallake shi.

Malama Rakiya: Wannan gaskiya ce, kada kowa ya musa masa. Ba a duniyoyi ake kama Gerber ba, a takardarsa ake kama shi. Abin da ya rubuta shi ne V = GM a raba da r(1−ṙ/c)², inda V shi ne ma'aunin jan nauyi, r nisa daga Rana, ṙ kuma saurin nisanta ko kusantar Rana. A warware shi: GM/r sau 1 + 2ṙ/c + 3ṙ²/c². Yankin 2ṙ/c ba ya taɓa tafiyar duniya ko kaɗan, yana faɗuwa a lissafi. Gocewar duka daga 3 ɗin nan take fitowa. Kuma abu ne da kowa zai iya gwadawa: in aka sa k a maimakon 3, gocewar kewaye guda 2πkGM ce a raba da c²a(1−e²). Kowace k guda tana ba Mekuri sakan 14.3. Shi ya sa da Tisserand ya ɗauko dokar lantarki ta Weber ya ɗora wa jan nauyi a 1872 ya tsaya a kusan 14, don tasa k ɗaya ce. Lévy a 1890 ya gauraya ta Weber da ta Riemann ya zaɓi gwargwadon da zai ba da amsar da aka riga aka sani.

Tambayar ita ce ina Gerber ya samo lamba 2 da ya ɗora kan 1−ṙ/c, wadda ita ta haifi 3. Jinkirin saƙo mai tafiya da saurin haske sau ɗaya yake kawo wannan yankin, ba sau biyu ba. Na biyun da hujjar da ba ta bi daga farkon maganarsa ba ya shigo da shi. Da Gehrcke ya sake buga aikin a 1917 don ya soki Einstein, Seeliger da von Laue abin da suka nuna ke nan. Ku lura, Seeliger ba mai goyon bayan Einstein ba ne, yana da tasa ƙurar da yake karewa.

Sai haske. A sa hasken tauraro da ya gilma ta gefen Rana yana nisanta cikin lissafin: ṙ yana kusantar c, ƙasan lissafin yana kusantar sifiri, V yana ƙaruwa da nisa maimakon ya ragu. Ba a fitar da sakan 1.75 na lanƙwasar haske daga nan.

Nasiru: Malama, Mushe, a gafarce ni in sa baki ta ɓangaren kwamfuta, don nan ma ana ruɗar mutane. Ana yawan nuna shirin da aka ce Newton ne zalla kuma falaki ya goce. Mafi yawa kuskuren taku ne, wato tazarar lokacin da shirin yake tsallakewa daga lissafi zuwa lissafi. Hanyar Euler tana ƙara wa duniyar kuzari a kowane taku, falaki ya buɗe. Hanyoyin da ke riƙe kuzari su ma suna juya falakin da kansu, kuma da takun kwana guda wannan juyin na ƙarya ya fi 43 nesa ba kusa ba. Abin da ake nema ƙanƙane ne: a ninka jan Newton da 1 + 3h²/r²c², inda h shi ne r sau saurin kewayawa, ƙarin da bai wuce kashi 12 cikin miliyan 100 ba. Yadda ake yi: a gudanar da shirin sau biyu da taku ɗaya, da ƙarin da kuma babu shi, a debe. A raba takun biyu a sake, in bambancin bai canja ba an samu. Kuma kada a nemi wurin kusanci da duba ƙaramin r cikin jerin lambobi, a bi alkiblar kibiyar Laplace-Runge-Lenz, ita ke nuna shi kai tsaye.

Mushe Laminu: Ɗana, ka ga abin da ka rubuta? Newton ne da ƙarin yanki guda. Ina lanƙwasar sarari a ciki?

Nasiru: Mushe, 3 ɗin daga lissafin Schwarzschild na 1916 aka kwafo ta. In na sa 2 kwamfuta ba za ta ƙi ba, 29 za ta ba ni.

Baba Idi: Yaron ya faɗi daidai. Kuma Laminu, wannan batu na cewa jinkiri kawai ya isa, Laplace ya riga ya duba shi tun 1805. In aka ce Rana tana jan duniya zuwa inda take a da, ba inda take yanzu ba, jan yana ɗan karkata, falaki ya riƙa canja girma. Ya lissafa cewa sai jan ya fi haske sauri sau miliyoyi kafin abin ya ɓoyu. Ka'idar Einstein ta tsira daga wannan ne don tana da yankunan da suka dogara da sauri waɗanda ke share karkatar.

Mushe Laminu: Na ji ta Gerber, ko da ban gama sakin ta ba. Amma Dicke na jami'ar Princeton fa? Shi ba malamin ƙauye ba ne. A 1967 shi da Goldenberg sun buga awon da suka yi wa Rana suka ce ƙugunta ya kumbura har ya isa ya ba da sakan 3.4. In haka ne, na Einstein ya yi yawa, saura 39 da ɗoriya, kuma ka'idar Brans da Dicke ta 1961 ce ta dace.

Dokta Sani: Wannan ita ce suka mafi nauyi da aka taɓa yi, kuma ta ɗauki shekaru. Abin da ya kashe ta awon girgizar cikin Rana ne, wanda ya nuna cikinta ba ya juyawa da saurin da Dicke yake bukata. Ma'aunin kumburin, J2, kusan 2.2×10⁻⁷ ne, gudummawarsa ga Mekuri sakan 0.03 a ƙarni. Kumbon MESSENGER da ya kewaye Mekuri daga 2011 zuwa 2015 ya ba da jimlar 575.31, kuma J2 da aka ciro daga tafiyarsa ta dace da ta girgizar. Mai son kumburi ya ɗauki 43 duka sai ya ninka shi sau 1500, sannan Zuhura ta ba shi 4.4 maimakon 8.6, don tasirin kumburi ya fi saurin mutuwa da nisa.

Inda nake tare da kai, Mushe, shi ne nan. Mekuri ba ka'ida take aunawa ba, haɗin lambobi biyu take aunawa: 2 + 2γ − β, a raba da 3. γ ita ce yawan lanƙwasar sarari, β kuma yadda jan nauyi yake ƙara wa kansa nauyi. A wurin Einstein kowace 1 ce. Ka'idar da ke da γ sifiri da β −1 ita ma za ta ba da 43. Sai da aka auna γ daban: lanƙwasar haske tun husufin 29 ga Mayu 1919 a tsibirin Principe da garin Sobral na Brazil, sannan saƙon rediyon kumbon Cassini da aka buga a 2003, wanda ya tsayar da γ a 1 da kuskuren kusan kashi 2 cikin 100,000. Da γ ta tsaya, Mekuri ta tsayar da β.

Malama Rakiya: A ƙara da cewa shi kansa Einstein bai murɗa komai ba. Ka'idarsa ta 1913 da Grossmann, da ya lissafa ta tare da Besso, 18 ta ba da. Ta Nordström ta ba da kusan 7 ta baya. Ƙaruwar nauyin abu saboda saurinsa ita kaɗai, wadda ake yawan yaɗawa a matsayin sabon bayani, kashi ɗaya cikin shida take bayarwa, 7.2.

Mushe Laminu: To ashe rabin maganata ta tsaya: Mekuri ita kaɗai ba hujja ce yankakkiya ba, kuma haka ya kamata a faɗa wa ɗalibai. Sauran rabin, akwai masu gina jan nauyi a shimfiɗaɗɗen sarari, irin hanyar Feynman. Su ba su lanƙwasa komai ba.

Dokta Sani: Akwai su. Sai dai matakin farko na wannan hanya, kafin a sa jan nauyi ya ja kansa, ba ya ba da 43. In aka sa shi aka bi lissafin har ƙarshe, kamar yadda Deser ya nuna a 1970, lissafin Einstein ne ke fitowa, sai dai a kira shi da wani suna. In kana da wadda ba ta koma can ba, kawo γ da β nata, mu kai ta ga tauraro S2 da ke kewaye tsakiyar taurarinmu cikin shekara 16, wanda aka auna gocewarsa a 2020, kusan minti 12 na kusurwa a kewaye guda.