Gyaran giyabos otomatik na Hilux da Tundra domin jan tirela

Abu Mando: Assalamu alaikum masana. Masu jan ƙaramar tirela ko tankin ruwa da Hilux otomatik suna yawan kokawa a kan giya, musamman a hanyar Saminaka da kaka. Me ya kamata a ƙara wa giyabos ɗin don ya jure? Kowa ya kawo abin da ya gani a aiki.

Injiniya Kurmin Mashi: Wa alaikumus salam. Malam Abu, kafin a sayi komai a fara sanin zafin man giya, domin zafi ne ke kashe giyabos. A jona sikana, wato na'urar karanta kwamfutar mota, a karanta zafin yayin da motar ke jan kaya. Tsakanin digiri 80 zuwa 95 lafiya ne. Idan ya haura 110 ya zauna a can, mai ya fara lalacewa. Daga 120 zuwa sama robobin ciki suna ƙandarewa, mai ya fara zurarewa, kuloci ya riƙa sulɓi. Yawancin zafin daga konbata yake fitowa (abin da ke miƙa ƙarfin inji ga giyabos ta hanyar mai), lokacin da ba ta kulle ba, wato a hawa ko a cunkoso irin na Kawo da rana a watan Afrilu.

Maganin farko shi ne ƙara kula, wato ƙaramin lagireto mai sanyaya man giya, a gaban lagireto. A nemi mai faranti-faranti, ta fi mai lanƙwasasshen bututu sanyaya mai. Tsarin jonawa: mai ya fito daga giyabos, ya bi ta lagireto, ya shiga sabuwar kula, sannan ya koma. Don gane layin komawa, a tada inji na ɗan lokaci a taɓa bututun biyu, wanda bai kai ɗayan zafi ba shi ne. Tiyo ya zama na man giya, galibi mai faɗin milimita 10. Tiyon fetur yana laushi ya fashe. A sa kilif biyu a kowane baki, kuma kada tiyo ya goga ƙarfe. Bayan ɗaurawa a ƙara mai, domin sabuwar kular da tiyon sun sha nasu.

Oga Panteka: Injiniya, ni na fi son a cire lagireto daga layin gaba ɗaya. Mutanenmu ruwan famfo suke zubawa, bututun da ke cikin lagireto ya ci tsatsa ya huje, ruwa ya haɗu da man giya ya koma kamar madara. Da zarar haka ta faru, fatar kuloci ta saki, sai buɗe giyabos. Nissan Frontier ta 2005 zuwa 2010 ta yi suna a kan wannan, kuma da yawa sun shigo a Beljiyam.

Injiniya Kurmin Mashi: A Frontier na yarda, Oga. A Hilux kuwa gara a canja lagireto idan ya tsufa a zuba ruwan lagireto na gaske (kulan). Kula ita kaɗai tana buƙatar iska, a cunkoso ba ta samu sai an sa mata fanka.

Baban Khalifa: A kula da mai, nan ake yawan ɓarna. Hilux mai giya huɗu, A340, tana da geji na auna mai kuma man T-IV ko Dexron take sha, gwargwadon abin da aka rubuta a gejin. Mai giya biyar, A750, da mai shida ta 2015 zuwa yau man WS suke sha. Giyabos 6R80 na Ranger da F-150 kuma Mercon LV. Ba a cakuɗa su. Masu WS yawanci ba su da geji, akwai noti na biyu a ƙasan kwanon man giyabos, wanda ake auna cika da shi: mota a fili daidai, inji na aiki, zafin mai a inda littafin motar ya faɗa. A zafi sosai mai ya kumbura, ka zubar da wanda bai kamata ba.

Kwance noti yana fitar da lita 3 zuwa 4 ne kawai daga kusan 10, sauran yana cikin konbata. Don haka a zubar a cika sau uku, da 'yar tafiya a tsakani. A sauke kwanon a wanke maganaɗisu. Baƙin laushi-laushi ba komai, ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli kuwa labari ne marar daɗi. Mai jan kaya ya canja duk kilomita 40,000, ƙurarmu ba ta ba da rance. Jabun WS kuma ya cika kasuwa, arharsa ce ke fara tona shi.

Direban Kachia: Tuƙi ma gyara ne, kuma kyauta. A mai giya huɗu a kashe maɓallin O/D (giyar sama), a mai biyar ko shida a riƙe ta a 4, a Tundra a danna maɓallin jan kaya, Tow/Haul. Idan giya tana hawa tana sauka a kan tudu, sauke ta da hannu. A gangaren Hawan Kibo a sa 2 ko 3, inji ya taimaki birki. Tirela marar birki kada ta wuce kilo 750, buhun masara bakwai ke nan ko ƙasa da haka idan an cire nauyin tirelar kanta.

Oga Panteka: Masu sa manyan tayoyi su sani sun ƙara wa konbata aiki. Sai a canja haƙoran aksul zuwa masu ƙarfin ja, kuma a 4x4 gaba da baya dole su zama lamba ɗaya, in ba haka ba tiransfa, mai raba ƙarfi ga gaba da baya, ita ce za ta biya. Gyaran bawul bodi, sashen da ke sarrafa mai a cikin giyabos, don ƙara matsin mai yana sa giya ta shiga da sauri, kuloci ya rage sulɓi, amma sai ga giyabos mai lafiya. Wanda mansa ya riga ya yi baƙi yana warin ƙuna, a buɗe a sa sabon kuloci da robobi tukuna, a wanke layin kula, a canja konbata, domin dattin da ya maƙale a cikinta zai koma sabon aikin.

Baban Khalifa: Mai sayen Tundra ya leƙa ƙasa. Daga 2019 zuwa 2021 Toyota ta cire kular giya daga mai injin 5.7, don haka ita ma sai an ɗaura mata kafin a fara ja.