Kayan nutso ga mata masu ƙaramin jiki: abin da masu nutso suka ce

Yawancin kayan nutso a teku da awon jikin namiji aka ƙera su, shi ya sa 'yan uwa mata masu ƙaramin jiki suka fi shan wahala. Da masu nutso suka tattauna batun, silindar iska ce ta fi cin lokaci. Wadda ake bayarwa haya, ta alminiyam mai lita 11, ta kai kilo 14 ba iska, ga tsawo. Mace gajera ta goya ta, sama tana bugun ƙeya, ƙasa tana dukan cinya. Shawarar da aka fi yarda da ita: ki nemi mai lita 9, ko gajeriyar silindar ƙarfe. Ƙaramin jiki bai cika shan iska da yawa ba, don haka da wuya ki rasa komai. Ni ma ina bayan wannan.

Sai jaket ɗin iska, wanda ake hura wa iska don daidaita nutsewa da tasowa. Idan ya yi miki yawa, kina tasowa saman ruwa zai hau har kunnuwa. Da yawa sun bar jaket sun koma farantin baya, wato faranti mai ƙarfi da ake goyawa, mai madaurin da ake ragewa daidai kafaɗa, da igiyar da ke bi ta tsakanin ƙafafu tana riƙe shi. Dalmar da ake ɗauka don ƙara nauyi a nutse kuma a zuba ta a aljihu, domin in an ɗaura ta a bel, yana ƙuje ƙugu.

Rigar roba ta kare sanyin ruwa kada ta yi sako-sako: ruwan sanyi zai riƙa shiga yana fita. A kai wa masu ɗinkinta su rage.

Tabaran nutso mai rufe ido da hanci kuwa, ɗora shi a fuska ba madauri, ki ja numfashi ta hanci. In ya manne, naki ne.