An ba ni sakatariyar addu'a, makina kuma yana sauka: in karɓa?

'Yar Zonkwa:
Salama a gare ku 'yan'uwa. Ina aji biyu a sashen harhaɗa magunguna, zan shiga aji uku. Shugabannin zumuntarmu ta ɗalibai Kirista masu barin gado sun ce bayan addu'a sun ga ni ce zan riƙe sakatariyar addu'a, suna son amsa kafin Lahadin miƙa mulki. Aikin ya haɗa da addu'ar asuba kullum, taron shugabanni ran Laraba, da kwanan addu'a a ƙarshen wata. Makina ya sauka daga 3.6 zuwa 3.1, ga shi kowa na cewa aji uku ne mai zafi. Baba ya ce in bar hostal in kama ɗaki a waje don in sami natsuwa, amma ɗakin da nisa da majami'a, ba zan iya fitowa da asuba ni kaɗai ba. A zumuntar nan na fara jin daɗin zaman makaranta, da can kuka nake yi in koma gida. Wanda ya taɓa riƙe muƙami yana karatu mai nauyi ya faɗa mini yadda ta kaya.

Sojan Yesu:
Karɓa kawai 'yar'uwa. Matiyu 6:33. Wanda ya kira ki ya san jadawalinki.

Ɗan Biliri:
Ƙanwata, irin maganar nan ta sama ita ta kai ni ta baro. Na riƙe shugabancin bishara a aji uku, ina karanta injiniya. Asabar muna ƙauye wa'azi, Lahadi sujada da taro har dare, Litinin in shiga aji ina gyangyaɗi. Duk sanda na ce zan je karatu sai a ce bangaskiyata ta yi sanyi. Aka sa mana gwaji ran da za mu tafi taron ƙarshen mako, shugabanmu ya ce in zaɓa tsakanin Allah da takarda. Na bi mota. Gwajin nan maki talatin ne, babu maimaici. Na kwaso kariyoba, wato na faɗi kwas ɗin sai na maimaita, a aji huɗu ta yi karo da wani kwas, daga nan zare ya kwance. Abokaina suka tafi bautar ƙasa ni ina ƙarin shekara, sai ga yajin aikin ASUU na 2022, wata takwas cur muna gida. Mahaifiyata ta sayar da buhunan masara ta sake biya mini kuɗin makaranta. Abin da ya fi ci mini rai, cikin waɗanda muka yi ta kwana muna addu'a tare ba wanda ya buga waya ya ce yaya kake. Wani abokin ɗakina Musulmi ne ya zauna da ni yana koya mini lissafin da na faɗi. Ban bar Yesu ba, amma na daɗe ban taka zumuntar ɗalibai ba.

Maman Biyu:
Kai, sannu ɗana. Allah ya warkar da zuciyarka. Wannan shugaban ya yi kuskure babba, karatun ai shi iyayenka suka aike ka yi.

Sojan Yesu:
Yaya Ɗan Biliri, ka yi haƙuri, amma laifin rashin tsara lokaci ne. Na san wanda ya riƙe shugabanci ya fita da sakamako mafi girma.

Ɗan Biliri:
Ka san wani. Kai fa? Aji nawa kake?

Sojan Yesu:
Aji ɗaya. Amma Ruhu ba ya duba aji.

Gwanin Ganga:
Ruhu ba ya duba aji, amma mai duba takardar jarrabawa yana dubawa 😂 Ni a ƙungiyar mawaƙa na shiga saboda shinkafar da ake dafawa bayan koyon waƙa, Allah kuma ya kama ni a can.

Tsohon Malami:
Bari in sa baki, na yi shekaru ina raka ɗalibai a zumunta. Cikin zumuntocin ɗalibai Kirista, FCS ta fara ne a 1957 a Gindiri, NIFES kuma a 1968 a Ilorin, kuma tun asali manufar ita ce ɗalibi ya zama shaidar Almasihu a cikin aji da ɗakin kwana, ba ya ƙaura majami'a da tabarmarsa ba. Ku duba Daniyel sura 1. Shekara uku aka ɗiba wa Daniyel da abokansa na karatu a Babila, sun ƙi ƙazantar da kansu da abincin sarki, amma ba su guje wa darasi ba, har sarki ya same su sun ninka masanansa sau goma. 'Yata, maganin da za ki haɗa wa mara lafiya gobe shi ma hidima ce, Kolosiyawa 3:23. In za ki karɓa, ki kafa sharaɗi: a ba ki mataimaka, a raba ranakun asuba, kuma makon jarrabawa ba naki ba ne. Yetro ya faɗa wa Musa haka a Fitowa 18, aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. In suka ƙi sharaɗin, kin sami amsarki.

Ɗiyar Fasto:
Baba Malam, da girmamawa, zamaninku daban. Yanzu in ka kafa sharaɗi sai a ce girman kai. Ni na riƙe muƙamin nan da ake maganarsa, kuma ban yi nadama ba. A nan na koyi tsayawa gaban mutane, a nan na sami ƙawayen da suka kwana da ni asibiti lokacin da zazzaɓin taifod ya kwantar da ni. Makina ya ɗan taɓu, amma na gama lafiya. Sai dai ni ilimin zamantakewa na karanta, ba mu da aikin ɗakin gwaji har yamma.

Ɗan Biliri:
To kin gani. Shi ya sa nake cewa wanda bai yi kwas mai nauyi ba ya yi shiru.

Ɗiyar Fasto:
Haba Yaya. Ita ta ce wanda ya taɓa riƙe muƙami, ni kuwa ainihin kujerar na zauna, kai bishara ka riƙe.

Bakano:
Ku bar wannan, maganar ɗaki fa? Kada ki kuskura ki fita waje. Ɗaki ɗaya mai banɗaki a ciki dubu ɗari uku na biya a Samaru, ban da ruwa.

Gwanin Ganga:
Dubu ɗari uku? An yanke ka ba wuƙa. Ƙanina ɗari da hamsin yake biya.

Bakano:
A wane lungu? Mai banɗaki a waje ke nan, layi tun asuba.

Maman Biyu:
A Jos 'yata ɗari biyu ta biya bara, bana mai gida ya ce sai an ƙara. Amma ku lura, umarnin mahaifinta ne. Ba a tsallake maganar uba a je hidima a ce albarka za ta biyo baya. Ki kira shi ki faɗa masa duka, har da muƙamin. Ki kuma gaya wa faston gida.

'Yar Zonkwa:
Na gode Mama, ban faɗa masa ba tukuna, tsoro nake ji. Baba Malam, zan gwada maganar mataimaka. Wani abu kuma, sun ce kowane sabon shugaba zai ba da dubu goma sha biyar na anko da taron horarwa. Haka ake yi ko'ina?

Ɗiyar Fasto:
Mu dubu biyar muka bayar.

Bakano:
Mu ashirin, da kuɗin kyautar shugabanni masu fita. Wannan shi ne abin da ke damuna da zumuntocin yanzu. Baiko daban, zakka daban, kuɗin riga, kuɗin kayan kiɗa, kuɗin liyafar 'yan ajin ƙarshe. Ɗalibin da garin kwaki yake sha dare da rana ina zai samo? Na san wata da ta daina zuwa don kunyar a kira sunanta cikin waɗanda ba su biya ba.

Tsohon Malami:
Kiran suna a gaban jama'a saboda kuɗi ba daidai ba ne, ko a wace zumunta. Akwai dattawa masu ba da shawara, a kai musu.

Ɗan Biliri:
Mun kai, Baba. Aka ce mu masu gunaguni ne kamar Isra'ilawa a jeji.

Sojan Yesu:
To kayan kiɗan da kuke jin daɗinsu ran Lahadi daga sama suke faɗowa?

Gwanin Ganga:
Gangarmu dai fatarta ta yage tun zangon da ya wuce, an karɓi kuɗin gyara sau biyu. Wa ke riƙe da asusu a wajenku, Bakano? Kuna ganin rahoton kuɗi kuwa?